Farin Yadin da Na Kafa a Saman Gadon Mijina

Anti mai wannan fili,

Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Na san manyan matsaloli ake kawo miki, ni kuwa duk wanda ya ji farkon tawa zai ce na rasa abin kuka ne, wai mace da girmanta tana zubar da hawaye a kan allon majigi. Wallahi ba wasa nake ba. A kan wannan abu ake shirin ɗauke mini miji daga ɗakina, kuma na rasa tudun dafawa.

Ni mai ɗinki ce, kekena yana falo, a nan nake aiki. Mijina mai fenti ne, sana'arsa ke nan tun kafin ya aure ni. Bara ya faɗo daga kan tsani a wani gini da suke yi, ya bugu a ƙashin baya, can sama kusa da wuya. An yi masa aiki, mun sha zaman asibiti, daga baya aka sallamo mu. Ƙafafunsa ba sa motsi. Hannun dama yana ɗan ɗagawa, amma yatsun ba sa riƙe komai, na hagu kuwa sai a hankali. Bakinsa da hankalinsa lafiya lau, mun gode Allah. In aka zaunar da shi jiri ne ke kwasarsa, don haka mafi yawan yini a rigingine yake, ban da juyin da nake yi masa don gudun gyambon kwanciya.

To mutumin da ke rigingine me yake gani? Silin. Kuma namu silin, Anti, ba abin kallo ba ne. Gidan haya ne, rufin ya taɓa yoyo, ruwa ya bar wani ƙaton tabo ruwan ƙasa daidai saman gadon. Wanda ya yi fentin ma aikin ha'inci ya yi, shatin buroshi ko'ina. Da yana lafiya kullum cewa yake zai gyara, ni kuma ina tsokanarsa cewa mai fenti ɗakinsa ba fenti, shi ma ya rama da cewa mai ɗinki zaninta a yage. Da ya kwanta sai ya kama lissafa mini kurakuran mai fentin nan ɗaya bayan ɗaya, inda bai kankare ba, inda ya tsinka fenti da ruwa fiye da kima. Da farko cikin raha yake yi. Daga baya na lura rahar ta tafi, kallon ne kawai ya rage, tun safe har yamma.

Na shigo masa da talabijin ɗaki, bai yi ba, don sai ya karkata wuya, wuyan kuma ba ya son karkatawa. Na koma riƙe masa waya a saman fuska har hannuna ya gaji. Rannan wayar ta suɓuce ta faɗo masa a karan hanci, ya yi dariya har da hawaye, ya ce abin da tsani ya fara ni zan ƙarasa. 'Yarmu ɗaya ce, tana aure a nesa, ta haihu bayan faɗuwar babanta, bai taɓa ɗaukar jikan nan ba. Tana turo bidiyo, amma a waya yaron bai fi babban yatsa ba, idonsa kuma ya fara gajiya da ƙananan abubuwa. Ga shi mutum ne mai son ƙwallo kamar ransa.

Ƙanena malamin makaranta ne, shi ya ji tausayinmu ya aro mana majigi da allonsa, irin farin allon nan da ake warewa a kan ƙafafu uku. Muka kafa shi a ƙarshen gado muna murna. Ashe daga inda kan mijina yake ba abin da yake hangowa sai yatsun ƙafarsa da gefen allon na sama. A ɗaga allon a rataya shi sama kuma ba zai yiwu ba, ƙarfensa nauyi gare shi, in ya faɗo kan mai lafiya ma sai an je asibiti. Haka muka naɗe shi muka jingine a bayan ƙofa.

Sai na ce bari in haska silin ɗin kai tsaye. Na kwantar da majigin ta baya, na tokare shi da matasai, yana kallon sama. Bai jima ba ya ɗau zafi ya kashe kansa. Kafin ya mutu ɗin ma, hoton jikanmu ya fito ne daidai kan tabon yoyon nan, rabin fuskar yaro ta koma kamar wanda ya ƙone. Mijina ya ce in kashe, ba ya son gani.

Na aika wa mai gidan da muke haya ta hannun mai kula da gidan, ina roƙon a bar ni in shafa farin fenti a wurin. Amsar da ta dawo ita ce ba fenti, ba ƙusa, wai wani ɗan haya ya taɓa ɓata masa ɗaki. Rufin da ke yoyo bai dame shi ba, ƙusata ce za ta rushe masa gida. Allah ya ba shi haƙuri, ni ma ya ba ni, don ranar na faɗi maganganun da ba zan rubuta a nan ba.

Daga nan na shiga gwaje-gwaje, duk a falo, ƙofar ɗaki a rufe, don ba na so in sa masa rai abu ya sake lalacewa a gabansa. Na liƙa farin kwali da salatif, zafi ya sa ya ɓare. Na gwada zanin gado, sai ga 'yan ƙwallo suna gudu cikin furanni. Wata maƙwabciya ta ba ni farin tamfol, shi kuma ƙyalli yake, tsakiyar hoton ta zama kamar an haska mini tocila a ido. Na rame a kan abin nan, Anti, ɗinkin mutane ya taru ina ta ba da haƙuri.

Ƙarshe na koma ga abin da na sani. Ina da wani farin yadi mai kauri, na auno tsawon gadon da faɗinsa, na yanka, na kalmashe bakinsa, na sa masa sitati, na goge shi sumul. Da yake an hana ƙusa, sai na yi amfani da fil irin mai faɗin kai, wanda ba ya barin rami. Na hau kujera na kafe shi a silin ranar da mai gashin ƙashi ya zo muka fitar da mijina falo. Da aka dawo da shi ya ɗaga ido ya gani, ya buɗe baki zai yi magana a kan silin ɗin, na tare shi na ce ya huta kawai, harkar yadi tawa ce, ya bar mini.

Kuma ya yi, Anti. Wannan ne yake ƙona mini rai. Na sauke labule da rana tsaka, na ɗora majigin a kan littattafai yadda zai sha iska, sai ga jikanmu ya cika saman gado, yana wasa da ƙafafunsa, har ramin kumatunsa ana gani. Mijina ya yi kuka, ya ce yaron kunnen babansa ya ɗauko, Allah ya sa kada ya ɗauko taurin kan kakarsa. Ya kalli ƙwallo yana zagin mai tsaron gida kamar da. Ya ci abinci ya nemi ƙari. Na ce a raina wahala ta ƙare.

Kwana biyu muna haka. Rannan ana zafi, na ƙara masa ƙarfin fanka, na kunna masa wasa, wata mai kaya ta zo tana sauri, na fita falo na hau keke. Kin san ƙarar keke. Ashe silin ɗin nan da ya sha ruwa ya yi laushi, fil bai kama shi da kyau ba, iskar fanka tana ta kaɗa yadin har ya zare. Ya sauko gaba ɗaya ya lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Ya yi ta kirana, ban ji ba. Hannunsa bai iya kaiwa fuskarsa ba. Ban san tsawon lokacin da ya yi a haka ba, kuma har gobe ba shi da niyyar faɗa mini.

Daidai nan mahaifiyarsa ta zo dubiya. Ta yi sallama na amsa ina kan keke, ta wuce ɗaki kamar yadda ta saba. Salatin da ta saki har yanzu yana kunnena. Na ruga na tarar da ita zube a bakin ƙofa, ga ɗanta miƙe a kan gado cikin farin yadi ba ya motsi. Na fizge yadin. Ya jiƙe sharkaf da gumi, yana haki, idanunsa a waje. Bai kalle ni ba, bai kalle ta ba.

Da Inna ta dawo hayyacinta ba irin maganar da ba ta faɗa mini ba. Wadda ta fi ci mini rai ita ce da ta ɗauki yadin ta ware, ta ce a duba, har na auna mata ɗa na yanka daidai tsawonsa, na goge na ajiye, ranar kawai nake jira. Ni da nake wanke shi, nake juya shi, nake zubar da robar fitsarinsa ba tare da na taɓa yamutsa fuska ba. Na so in yi bayani, kuka ya hana ni, sai abin da ya fito daga bakina ya zama tsiwa. Na ce mata in da jira nake da ban kai yanzu ba. Na san ban kyauta ba, amma raina ne ya ɓaci.

Kafin gari ya waye magana ta zaga dangi, kowa da irin gishirin da ya ƙara. Har an kai ga cewa wai rufe shi na yi da gangan na koma ɗinkina. Yayansa ya zo, mutum ne mai sanyin magana, bai zage ni ba. Ya ce sun yi shawara, ƙarshen wata za su mayar da shi gidan Inna don in samu in huta. Anti, wane hutu? Inna gwiwa ta hana ta ruku'u, ba za ta iya juya shi ba. Gidanta bene ne, mai gashin ƙashi ma ya ce hawa da sauka da shi haɗari ne. In suka ɗauke shi zai yi gyambo kafin wata ya zagayo, ni kuma na zama matar da aka ƙwace wa miji don ta gaji da shi.

Duk wannan da sauƙi a kan shirunsa. Tun ranar ba ya magana sai in ya zama dole. Abinci cokali biyu ya kau da kai. Ya daina yarda da motsa hannun da ake sa shi. Yini yake ido a rufe alhali ba barci yake ba, ko silin ɗin ma ya daina kallo. Na durƙusa a gaban gado na tambaye shi ko yana so ya tafi, ya ce duk yadda aka yanke daidai ne. Mutumin da ko launin labule ba a sauyawa a gidan nan sai ya ce wani abu.

Ƙanena ya ce in dawo da majigin, fitina ce. Ni kuma ina gani da idona abin da ya yi masa a kwana biyun nan, kuma zuciyata tana faɗa mini in ya sake ganin yaron nan zai dawo. Don Allah ki faɗa mini, me zan sa a madadin allon nan wanda ba zai faɗo ba, ba ya bukatar ƙusa, ba ya bukatar fentin bangon mutane? Ko kuwa hauka nake, in haƙura? Kuma da wace fuska zan tunkari Inna? Wata ya kusa ƙarewa, ko barci ba na iya yi, abin duniya ya ishe ni.

Taki,
Mai ɗinkin da ta rasa mafita

*

'Yar'uwa mai ɗinki,

Na karanta har ƙarshe, kuma ban ga hauka ba. Na ga mace da ta gaji, tana jinya ita kaɗai, ta yi dabara, dabarar ta ci, sannan fil ya ci amanarta. Ki share hawaye mu yi magana, don lokacinki kaɗan ne. Zan fara da allon tunda shi kika tambaya, amma ki sani shi ne mafi sauƙi a cikin matsalolinki.

Ƙa'ida ta farko, kuma ba sassauci a cikinta: kada wani abu ya sake rataya a saman mutumin da ba zai iya kare fuskarsa ba, sai abin da ke tsaye da ƙafafunsa a ƙasa. Ba fil, ba salatif, ba gam. Yadi kuma, musamman fari, ki cire shi daga lissafi gaba ɗaya. A wani gidan zan ce a ɗaure yadin labule mai kauri a jikin firam ya miƙe tsaf, yana aiki sosai. A gidanki a'a. Idon mijinki da na mahaifiyarsa sun riga sun ga abin da suka gani.

Abin da zai fi miki shi ne falle ɗaya na siririn katako marar nauyi, irin wanda kafintoci ke rufe bayan kabad da shi. A goge shi, a shafa masa fentin ruwa marar ƙyalli, fari ko toka-toka mai haske. Toka-tokan ya fi kyau in ɗaki ba ya yin duhu sosai da rana. Ki guji fentin mai, abin da tamfol ya yi miki shi zai yi. Kafinta ya yi masa ƙafafu biyu masu faɗin gindi, ɗaya a kowane gefen gado, a ɗaure katakon da ƙusoshin murɗawa. Kada a sa shi daidai saman fuskarsa. A ja shi wajen gwiwoyinsa a karkato shi yana fuskantarsa, yadda ido zai same shi ba tare da wuya ya motsa ba. Wannan bai taɓa bango ba, bai taɓa silin ba, mai gidan haya ba shi da ta cewa, in kuka tashi ma da kayanku za ku tafi. Kafin a fara amfani da shi a kunna fanka har ƙarshe, a girgiza shi da hannu, gadon babu kowa.

Majigin kuma ki daina tayar da shi tsaye. Yawancinsu ba a yi su don haka ba, shi ya sa ya ɗau zafi. Ki ajiye shi a kwance a kan ƙaramin tebur yadda iska za ta shiga ta fita, ki jingina madubi a gabansa a karkace, madubin zai jefa hoton sama. In rubutu ya fito a juye akwai wurin gyara shi a cikin saitin na'urar, ƙanenki zai gane. Akwai kuma wani tabarau da ake yi wa masu jinya a kwance, mutum yana rigingine yana ganin abin da ke gabansa. In an same shi, allon da kika jingine a bayan ƙofa ma zai yi amfani, amma ki tambayi mai gashin ƙashi tukuna, don wasu yana sa su jiri. Sannan ki nemo ƙararrawa ko wani abu mai ƙara da zai iya bugawa da bayan hannunsa na dama, wanda za ki ji ko keke na gudu. Wannan ki yi shi yau, kafin katako, kafin komai.

Yanzu ga inda zan ɗan ja miki kunne. Kin zagaya gari kina neman shawara a kan fenti da silin, har kin rubuto wa jarida, alhali mai fenti yana kwance a ɗakinki. Kin rufe ƙofa kin yi gwajinki a falo don kada ransa ya ɓaci. Ranar da ya buɗe baki zai yi magana a kan silin ɗin kin ce ya huta. Na san ƙauna ce ta sa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutumin nan ya yi watanni yana karanta silin ɗin nan. Tsani ya karɓe masa ƙafafu, bai karɓe masa sana'a ba. A ganina abin da ya rufe masa baki ba fushi da ke ba ne kaɗai. Namiji ne da ya ga ƙyalle ya fi ƙarfinsa a gaban matarsa da mahaifiyarsa, sannan ya ji ana shawarar inda za a ajiye shi kamar kaya. Wanda aka daina tambaya, wata rana zai daina amsawa.

Don haka duk abin da na lissafa miki a sama kada ki aiwatar da ko ɗaya a bayan idonsa. Ki je ki ce masa kin kasa, kina bukatar mai fenti. Ki tambaye shi wane katako, wane fenti, shafa nawa, a bar shi ya bushe zuwa yaushe. A kawo kafintan har bakin gado, shi ya ba da umarni. In ya ce shawarar Anti ba daidai ba ce, tasa za a bi. In bai amsa ranar farko ba ki bar maganar, ki sake kawo ta gobe. Kuma ki faɗa wa likitansa a fili cewa ya daina ci, ya daina motsa jiki, ya daina magana. Ciwon damuwa yana kama masu irin wannan jinya, yana da magani, kuma allo ba zai maye gurbin maganin ba.

Sai Inna. Maganar da ta faɗa miki ta yi muni, ba zan wanke ta ba. Amma ki tsaya a bakin ƙofar nan a madadinta. Ke kin san yadi ne ya faɗo. Ita ta ga ɗan da ta haifa a miƙe cikin fari, kuma na ɗan lokaci ta gama yarda cewa ya tafi. Wanda ya ga haka ba a kama shi da abin da bakinsa ya furta. Ke ma kin mayar mata da wadda ta fi ƙarfinki. Ki je gidanta da kanki, ba a waya ba, ba da ɗan aike ba. Ki ba ta haƙuri a kan firgitar da ta yi da kuma tsiwar da kika yi mata, ki tsaya nan. Ba sai kin amsa laifin da ba ki yi ba.

Yayansa kuma ya faɗi gaskiya ɗaya ko da ba ki so ji ba: kina bukatar hutu. Jinya da keke da girki a wuyan mace ɗaya, dole wata rana a kira ki ba ki ji ba. Amsar ba ita ce a hau bene da marar lafiya ba. Ki roƙi mai gashin ƙashi ya yi wa Yaya bayanin haɗarin da bakinsa, don daga bakinki za a ce son kai ne. Sannan ki buɗe musu ƙofa. Inna ta zo ta yi kwanaki a wurinku ta zauna kusa da ɗanta lokacin da kike kan keke, 'yan'uwansa maza su raba ranakun juyi da wanka. Wanda ya juya shi sau ɗaya da hannunsa ba zai sake cewa kin gaji da shi don mugunta ba. Maganar tafiya kuwa, a yi ta a gabansa, a jira amsarsa komai daɗewarta, don shi ne mai jikin.

Abu na ƙarshe. Kin ce kin hau kujera, kin durƙusa a gaban gado, kin tsaya a kansa da waya. A duk tsawon wasiƙarki ban ga inda kika kwanta a gefensa ba. Ba za ki san inda ya kamata katakon nan ya tsaya ba sai kin sa kanki a kan matashinsa kin ga abin da yake gani. Ki rufe keke yau da rana, ki hau gadon a hankali, ki kwanta kafaɗarki na taɓa tasa. Kada ki gyara masa komai, kada ki tambaye shi ko yana jin yunwa. Ya daɗe yana da mai jinya, matarsa yake kewa. In ya yi shiru ki yi shiru tare da shi, in kuka ya zo miki ki yi, ki bar shi ya zama shi ne mai rarrashi ko sau ɗaya.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna, ya ba ki ladan jinya, ya kuma nuna masa ranar da za a ɗora masa jikan nan a ƙirji.

Antinki